Bakari Mai Hoto da Akwatin Neman Suna

A Haɗeja, in ka ce Malam Bakari kawai, sai a tambaye ka wanne. In ka ƙara da "mai hoto", nan take za a nuna maka shagonsa a bayan kasuwar kifi. Tun yana saurayi yake rataye da kyamara, yana bin kasuwanni da bukukuwa daga Kafin Hausa har Guri. Halinsa ɗaya: ba ya zubar da fim. In ya wanke hoto ya ba mai shi, sai ya adana fim ɗin a gwangwani, ya ɗora saman rufi.

Shekarar da kogi ya yi ambaliya mai tsanani, gidaje da yawa suka rushe, ruwa ya tafi da hotunan mutane. Gwangwanayensa na fim kuwa ba abin da ya taɓa su. 'Yarsa Jannatu, wadda ke aikin jinya a Kano, ita ta ba shi shawara ya mayar da su cikin kwamfuta. Da ta zo hutu ta buɗe masa ɗan shafi a intanet, ta nuna masa yadda ake ɗora hoto, ta koma bakin aikinta.

Ya yi ta ɗorawa har suka kai dubbai, yana jin daɗin abinsa. Sai wata rana wata mata ta yi sallama a shagon. Sunanta Falmata, daga Guri ta zo. Ta ce mahaifinta Modu masunci ne, ya rasu da daɗewa, hotonsa ɗaya tilo da suke da shi ruwa ya ci.

"Baba, an ce kai ka ɗauke shi. Na yi ta jan shafin a waya har datata ta ƙare, ban gan shi ba."

Suka zauna suna dubawa tare har la'asar, ba su same shi ba. Da ta tashi tafiya ta yi godiya, ta bar lambarta. Godiyar nan ta fi komai damunsa.

Ya kira Jannatu. Ta ce abin da shafin ke bukata shi ne akwatin bincike, inda mutum zai rubuta suna hoto ya fito. Ta ce ba ta samun hutu sai bayan sallah.

"To ni zan sa," in ji shi.

"Baba, ka bi a hankali dai."

Mutumin da ko saƙon waya da ɗan yatsa ɗaya yake rubutawa, shi ne ya zauna da bidiyon koyarwa, yana kallo yana tsayarwa, yana maimaitawa. Mai bidiyon da Turanci yake magana, ga sauri. Malam Bakari ya daina sauraren bakinsa, ya koma bin inda hannunsa ke dannawa. Ana cikin haka ya danna wani wuri, shafin ya yi fari fat. Babu hoto ko ɗaya.

Ya rufe kwamfutar, ya koma gida ya kasa cin tuwo. Matarsa Ramatu ta dube shi ta ce, "Malam, lafiya?"

"Na goge mutane, Ramatu. Duka."

Ta ce ya kira Jannatu mana. Da ƙyar ya yarda, don kunya. Jannatu ta saurare shi, sannan ta tambaya ko ya danna inda aka ce a adana. Ya ce bai kai nan ba. Ta yi dariya ta ce ya je ya sake buɗewa. Ko hula bai tsaya ɗauka ba ya koma shago. Yana buɗewa, ga hotunansa nan reras. Ya jingina da bango yana hamdala.

Washegari ya sake gwadawa, ashe abin bai wuce jawo ɗan akwatin a ajiye shi saman shafi ba. Ya rubuta "Modu". Ba abin da ya fito. Ya rubuta "Guri". Shiru. Sai da ya ƙura ido ya gane: hotunan ba su da suna, lambobi ne kawai kwamfuta ta ba su. Akwati ba zai nemo abin da ba a rubuta ba.

Nan aikin gaske ya fara. Ya shimfiɗa tabarma ƙofar shago, ya juya kwamfutar tana kallon titi. Dattawan unguwa da dillalan kifi suka riƙa zama suna faɗin sunaye, ana musu, ana dariya, wani lokaci a yi shiru a yi wa mamaci addu'a. Shi kuma yana rubutawa da ɗan yatsansa. Da ya lura matasa ba sa sa ƙugiya a harafi, sai ya riƙa rubuta suna iri biyu, Ɗanladi da Danladi.

Wani tsohon dillali ne ya nuna wani mutum tsaye cikin kwale-kwale, riƙe da ƙaton giwan ruwa, ya ce, "Wannan ai Modu ne na Guri."

Malam Bakari ya rubuta sunan, ya gwada a akwatin, hoton ya fito. Ya sake gwadawa don ya tabbata. Sannan ya kira Falmata ya ce ta rubuta sunan mahaifinta da garinsu.

Ta rubuta, sai can ta ce, "Shi ne, Baba. Har da hular." Ya jiyo tana ƙwala wa ƙannenta kira.

Ya ajiye wayar ya sauke numfashi. Ranar ya rufe shago da wuri, ya biya kasuwa ya sayo wa Ramatu bandar kifi. Har yau akwai hotuna da yawa da ba a san masu su ba, tabarmar kuma kullum da yamma a shimfiɗe take.