Mai Labari da Gorar Ƙuri'a

Ana idar da sallar asuba muka ɗauki hanya daga Katsina, mu uku, a tsohuwar motar abokina wadda sai an lallaɓa ta take tashi. Shi ke tuƙi, wani abokinmu malamin makaranta na gefensa, ni kuma ina baya rungume da jaka kamar mai jego.

Ga waɗanda ba su daɗe da fara bibiyata ba, muna da wani wasa da muke yi duk ƙarshen mako. Mutum ɗaya ne ke riƙe da labari, shi ke ƙirƙirar gari da daji da dodanni. Sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya riƙa faɗin abin da zai yi. In abu mai haɗari ya taso, sai a jefa ɗan lido mai fuska ashirin, lambar da ta fito ita ke raba gardama. Mai riƙe da labarin yana da kwali da yake kafawa a gabansa, a bayan kwalin yake tasa jifar, ba mai gani sai shi. Wanda ya koya mana wasan, Mai Labari muke ce masa. Hawan jinin ido ya tafi da ganinsa bara, ya koma gidansu a wani ƙauye gaba da Zakka, daga nan ya daina ɗaga wayar kowa. Abin da ya fito da mu ke nan. Mun ƙudura ko dai mu dawo da shi cikinmu, ko mu ji daga bakinsa cewa ya yafe mu.

Ni kuwa na yi shiri irin na mai zuwa yaƙi. Na cika jaka da 'yan lido kala-kala, taswira mai launi da na bugo a shago, 'yan gumakan roba na jarumai, da sabon kwali mai hoton zaki. Kowa ya san ni da son kaya, ban kuma taɓa jin kunyar haka ba.

Hanyar Batsari da kaka abin kallo ce. Gero an yanke an jingine, dawa ta sunkuyar da kai, ga manyan duwatsu a zube can nesa, wani a kan wani, har ka rasa me ya hana su gangarowa. Na yi ta tasbihi ni kaɗai, direba yana ta faɗa da ramuka. A kowane shinge sai mu rage gudu, a leƙo, a gaisa, a ce Allah ya kiyaye. A Batsari muka karya da ƙosai da dafaffen dankali mai zaƙi kamar an zuba masa zuma. Kuɗin shayi ya hau, amma mai shayin ya biya mu da labarin hanya. Ya ce lafiya lau take, sai dai kada mu bari rana ta faɗi muna waje.

A Safana muka ajiye mota muka hau babura. Wanda ya ɗauke ni bai san akwai birki a jikin mashin ba. Muka ratsa gonaki da garken shanu farare, muka tsallake wani rafi da ya fara janyewa, ni dai hannu ɗaya a jaka, ɗaya a rigarsa, bakina kuma bai huta da salati ba.

Da hantsi muka isa, muka tarar da maza sun taru a gindin wata tsamiya ana watanda. Sun haɗu sun yanka sa, mahauci ya kasa naman kashi-kashi a kan buhuna. Kowa ya kawo alamarsa, wani tsinke, wani tsakuwa, wani ƙwallon goruba, aka zuba a hula. Al'adarsu ita ce a nemo wanda bai ga mai kowace alama ba, shi zai ɗora su a kan kason, don kada wani ya ce an zaɓar masa. Da can matafiyi suke tsayarwa. Muna tsaye sai ga wani dattijo ya riƙo hannun Mai Labari ya kawo shi. Ya rame. Ya durƙusa yana laluben kowane kaso yana ajiye alama, kowa ya ɗauki nasa ba ko tari.

Dattijon mahaifinsa ne, Baffa. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya tambayi hanya, da iyayenmu, da mutanen birni, da gajiya, sannan ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Mahaifiyarsa, Inna, ta aiko da fura da nono mai kauri wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Mai Labari ya gane muryoyinmu tun daga sallama, amma gaisuwarsa ba ta wuce ta baƙo ba.

“Kun ga aikin da ya rage mani,” ya ce. “Mutumin da bai gani ba.”

Don in sauya zancen na zazzage jakata a tabarma, ina lissafa masa abin da na kawo. Ya sa hannu ya shafa taswirar daga wannan gefe zuwa wancan. Takarda ce sumul. Sai a lokacin na lura duk abin da na ɗauko na masu ido ne, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ɗauki ɗan lidon ya juya shi a yatsunsa.

“In na jefa, wa za ya karanta mani? Ku. Kuma na san ku, tausayi za ya sa ku faɗi abin da za ni ji daɗi. Ni ba ni wasan sadaka. Ku kwashe kayanku.”

Baffa da ke bakin ƙofa yana gyaran igiyar shanu ya miƙo hannu ya karɓi ɗan lidon, ya ɗaure fuska.

“Samari, wanga ba abin 'yan caca ba ne?”

Malamin makaranta ya yi masa bayani a tsanake, yana gumi.

“Ana aza kuɗi?”

“A'a, Baffa.”

“To mi ake ci?”

“Ba a cin komai. Raba gardama kawai yake yi.”

“Ashe ƙuri'a ce, irin ta ɗazu,” in ji Baffa, ya ajiye ya ci gaba da igiyarsa.

Na fara mayar da kaya jaka. Can sai Mai Labari ya ɗago.

“Baffa, gorar nan ta Inna mai ƙaramin baki tana nan?”

Daga nan zaure ya koma wurin sana'a. Ya sa muka yanko guntayen itace guda ashirin masu tsawo ɗaya. Shi ya tsara yadda za a yi musu tsaga: zobe mai zurfi na nufin biyar, ƙaramar tsaga na nufin ɗaya, kowane guntu da lambarsa daga ɗaya zuwa ashirin. Baffa na sassaƙa, shi yana bi da babban yatsa, wanda bai yi masa ba ya ce a sake. Aka zuba su a gora. In ka girgiza ka kifa, ɗaya ne ke iya fitowa ta bakin. Taswira kuwa faifai ya sa aka kawo. Igiya ta zama kogi, dunƙulen kanwar shanu ya zama dutse, ƙwallon dabino da wake da gyaɗa suka zama jarumanmu. Na miƙa masa kwalina mai zaki, ya ture. Ya ce tafin hannunsa ya ishe shi.

Bayan azahar ya gyara zama ya fara. Jama'a, na yi shekaru ina sauraron mutumin nan, ban taɓa jin irin na ranar ba. Ya kai mu wani gari da aka gina a cikin kogon dutse, inda ba a kunna wuta, ana gane mutum da takunsa. Ya kwaikwayi ɗigar ruwa da harshensa, ya ja yatsa a kan faifai muka ji macijiya na tafe. Tsigar jikina ta tashi da rana tsaka. Ban san lokacin da zauren ya cika ba. Wani makiyayi ya tsaya a ƙofa da sandarsa a kafaɗa ya manta da shanunsa, ta bayan zana kuma ina jin Inna ta daina daka.

Sai jarumina ya zo bakin wata rijiya, na ce zan tsallake. Mai Labari ya girgiza gora, ya kifa a tafinsa, ya dunƙule. Muka ga babban yatsansa yana motsi a ciki. Kafaɗarsa ta fara rawa, sai ya fashe da dariya, irin dariyar nan tasa da muka yi shekara ba mu ji ba.

“Ɗaya! Ka faɗa, har da hularka.”

Kowa ya kwashe da dariya, har Baffa da ya juya baya yana share ido da gefen rawani. Ban taɓa jin daɗin faɗawa rijiya irin na ranar ba.

Ana kiran la'asar muka yi haramar tafiya, saboda maganar mai shayi. Baffa ya sa mana albarka, Inna ta cusa mana man shanu da wani yanki na naman watanda. Mai Labari ya rako mu har bakin babura, gorar na rataye a wuyansa. Na matsa kusa da shi na ce, “Tsakaninka da Allah, ɗaya ce ta fito?”

“Da can ina nuna maku abin da ke bayan kwali?” ya ce. “Hau mashin, malam.”

Mun shigo Katsina ana shirin magariba, kowa ya yi laushi. Na ajiye jakata a lungu yadda na ɗauke ta, ba abin da aka yi amfani da shi a ciki. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, kafin ka tara kayan wasa, ka fara tambayar hannun wa zai riƙe su. Na kuma gane ba taimako abokinmu yake nema ba, so yake a mayar masa da kujerarsa.

Ina cire takalmi wayata ta yi ƙara. Ina dubawa sai na ga sunan Mai Labari.

“Kun isa lafiya? To ka ce wa sauran su zo da igiya ranar Asabar. Har yanzu kana cikin rijiya.”