Ranar da Wayoyin Kilomita Biyar Suka Mutu

Ko tsufa ya cinye ni, ba na jin zan manta da safiyar da aka dire min baƙin akwatin nan a kan teburin caji. Ku da kuka shigo ƙungiya daga baya kuna jin ana ce min Hajara mai goro, wasunku har suna zaton goro nake talla kafin in kama caji. To ku gyara zama ku ji inda sunan ya samo asali.

A lokacin ina da rumfa a Kasuwar Kilomita Biyar, layin masu waya, wadda maigidana ya bar min da Allah ya yi masa rasuwa. Ga wanda bai san aikinmu ba, wutar Bangui 'yar rabo ce, ta leƙo yau ta ɓace gobe. Saboda haka mutum yakan kawo wayarsa wurin mai janareto, wanda mu nan muke ce wa gurup, ya bar ta ya tafi harkarsa. Mu ɗaura mata zare mai lamba, mu ba shi marfin kwalba mai irin lambar. Ƙa'idar da na tarar kuwa ita ce a kife ake ajiye waya, ko ta yi ta kuka har ta gaji ba ka ɗagawa ka ga mai kira. Da rumfar nan nake ciyar da 'ya'yana, ba ni da wata gona bayan ita. Ni ce kuma mataimakiyar shugaban ƙungiyarmu ta masu caji, Alhaji Bawa, dattijo mai sanyin hali da ya girmi kowa a layin.

Ana tsakiyar damina wasu mutane suka zo daga wani ofishin gwamnati da ke cikin gari. Babbansu dogo ne mai ladabi, da Sango, yaren ƙasar, yake magana a hankali, muna ce masa Shef. Ya sa aka ajiye akwatin a gabana, ga igiyoyin caji rututu sun fito daga cikinsa.

Ya ce, "Madam, kyauta ce. Yana cika waya da sauri, kuma ba ya shan wuta."

A raina na ce banza ba ta kai zomo kasuwa. A fili kuwa na tambaye shi abin da ake so da mu.

Bai ɓoye ba, wannan kam na shaide shi. Ya ce duk wayar da aka jona, akwatin zai kwafe lambobin da ke ciki da saƙonni da hotuna, su kuma su riƙa zuwa suna kwashewa. Don tsaro ne, in ji shi, kowa ya san abin da unguwar nan ta gani. Ba a yarda mu gaya wa masu wayoyin ba. Wanda ya ƙi karɓa kuma, ba za a sabunta masa takardar izinin rumfa ba idan wata ya ƙare.

Sai ya ƙara da cewa, "Wanda ba shi da abin ɓoyewa ai ba ya tsoro."

Na ce, "Shef, ni ma ba ni da abin ɓoyewa, amma ɗakina yana da ƙyaure."

Ya yi murmushi, ya ce in yi tunani, suka wuce rumfa ta gaba.

Bayan la'asar muka taru a siton Alhaji Bawa. Samari jini na tafasa, wai a rubuta kwalaye, a watsa saƙo ta waya, a ɗunguma cikin gari. Alhaji Bawa ya bari suka gama, sannan ya ce, "Taro ya fito daga Kilomita Biyar ya nufi gari, kafin ku kai shataletale an ce 'yan bindiga ne. Na gaji da zuwa maƙabarta. A karɓi akwatin, Allah yana gani."

Rabin maganarsa gaskiya ce, ɗaya rabin kuwa ban yarda da shi ba. Na ce, "Baba, ba za mu taka ko'ina ba. Mu kashe gurup gaba ɗayanmu, wayoyin unguwa su mutu, mu zauna a ƙofar rumfunanmu. In saurare suke so, su saurari shiru."

Ya ce, "'Yata, wayoyin naki ne da za ki kashe su?"

Nan ya kama ni. Wayoyin na mutane ne, da su suke cin abinci, dole a nemi yardarsu. Kuma ba ka kiran mutum a waya ka ce masa zo mu ƙi masu sauraren waya. Sai na ce a raba goro. Samarin suka fashe da dariya, ɗaya ya ce ko suna za mu yi. Na ce masa ranar sunansa ma da goro aka tara jama'a, ga shi ya girma har yana yi min dariya.

Kun san al'adarmu. In za a yi suna ko ɗaurin aure, goro ake kai wa mutum har inda yake. Wanda ya miƙa hannu ya karɓa ya ɗauki alkawarin zuwa, mai uzuri kuwa tun a nan yake faɗa. Muka tsayar cewa kowane mai caji zai bi mutanen da ke kawo masa waya da ƙafarsa, kuma ba za a sa wa kowa goro a hannu ba sai an gaya masa komai: akwatin, da abin da yake kwafa, da cewa wayarsa za ta mutu ba mu san ranar tashinta ba. Alhaji Bawa ya daɗe yana jan carbi, sannan ya gindaya nasa sharaɗin. Za a sanar da hukuma a rubuce cewa zama za mu yi, don haka doka ta ce. Ba sanda, ba wuƙa, ba zagi. Shi ya kai sanarwar da kansa, shi ne kuma ya sayi huhun goro na farko.

Rabon goron ya sha mana kai. Mama Rozali, mai kifi banda, Kirista ce daga wata unguwa, kullum wurina take caji. Tana ganin goro a hannuna ta wafce ta gatsa tun ban buɗe baki ba. Na ce mata da Sango, "'Yar'uwa, kin ci ladan kuturu, saura aski." Da na warware mata zancen ta daina tauna, ta dube ni, sannan ta ce in ƙaro mata, matan layinsu ma suna da haƙora. Wani babban dillali mai jiran motar kaya daga Kamaru kuwa ya mayar da hannuwansa baya, ya ce ba zai iya ba. Ban ji haushinsa ba, ya fi wanda zai karɓa ya saɓa. Cikinmu ma akwai rumfuna kaɗan da suka karɓi akwatin.

Gida ɗaya na yi niyyar tsallakewa a unguwarmu ta Kokoro, gidan Inna Kande. Tsohuwa ce, ɗanta tilo ya gudu Chadi tun shekarun rikici bai dawo ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci yake kiranta, kuma don wannan kiran kaɗai take riƙe waya. Ina wucewa ta ƙofarta sai na ji muryarta.

"Hajara, ni ce ba mutum ba, ko goron ne ya ƙare?"

Na durƙusa na gaya mata komai, na ce ita an ɗauke mata. Ta miƙo hannu ta bar shi a miƙe har sai da na saka mata.

Ranar Laraba da safe muka kashe gurup. Ban taɓa sanin layinmu yana da irin wannan ƙarar ba sai da ta ɗauke. Muka shimfiɗa tabarmi, mutane suka zo suka zauna, kowa ya ajiye wayarsa a gabansa. Ranar farko wasa ce, wayoyi da sauran rai, ana ta raha. Ranar Alhamis suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kafin safiyar Juma'a fuskoki sun canja. 'Yan babur ba mai kiransu, 'yan kasuwa ba su san inda kayansu suke ba, idanu sai komawa suke tsallaken titi wurin rumfunan da ke da akwati. Gaskiya na tsorata, don na san in tabarmin nan suka watse, ni za a fara tuhuma, ga rumfa ta tafi a banza.

Inna Kande tana gefena tun ranar farko, da 'yar wayarta a cinya, a mace. Na raɗa mata cewa ina da batirin mota a gida, in ɗan saka mata ba wanda zai sani.

Ta ce, "Na ci goro."

Ana saukowa daga masallaci sai ga Shef da mota. Suka sauke gurup da akwati a tsakiyar titi, suka tayar, ya ce caji kyauta ga duk mai so. Dabara ce mai kyau, ba zan hana shi ba. Mutum ɗaya ya miƙe, wani ya bi shi, kafin a jima an fara layi. Na dubi Alhaji Bawa, ya sunkuyar da kai.

Shef ya dudduba tabarmin, ya hango mafi tsufa a cikinmu, ya zo ya tsuguna a gabanta kamar ɗan kirki.

Ya ce, "Mama, kawo a saka miki. Yau fa Juma'a, yanzu ɗanki zai kira daga Chadi. Kada ya ji ki shiru hankalinsa ya tashi."

Na tabbata da kyakkyawar zuciya ya faɗa, amma baki shi ke yanka wuya. Inna Kande ta kura masa ido.

"Ɗana, ka taɓa zuwa gidana?"

Ya ce a'a.

"Ka san yaron nawa?"

Ya girgiza kai.

"To wa ya gaya maka ranar da yake kirana?"

Ko a layin waya suke saurara, ko daga wata rumfa mai akwati ya samu, Allah masani, har yau ban sani ba. Inna ta ɗauki wayarta ta ƙulle a bakin zane, ta juya masa kafaɗa. Mama Rozali ta miƙe ta maimaita tambayar da ƙarfi da Sango don na baya su ji. Ba wanda ya yi ihu. Na farko a layin ya zare wayarsa daga igiya ya dawo ya zauna, sauran suka biyo shi. Har dillalin nan mai jiran mota, wanda bai ci goron kowa ba, ya tsallako ya raɓa a bakin tabarma. Gurup ɗinsu ya yi ta ruri a tsakiyar titi ba waya ko ɗaya a jikin akwatin.

Shef ya miƙe ya karkaɗe gwiwar wandonsa, ya nufo ni.

"Ke ce mai goron?"

Na ce, "Ni ce."

Alhaji Bawa ya taso da sandar tsufansa yana cewa, "Ni na saye shi, da ni za ka yi magana." Shef bai ko waiwaye shi ba. Ya ce in ba shi takardar izinina, na ciro daga jaka na ba shi. Ya ninke ya sa a aljihu, suka kashe gurup suka tafi.

A makon da ya biyo baya aka zo aka kwashe akwatunan, wai sai an sake nazari. Nazarin nan har yau ana yin sa. Da wata ya ƙare aka sabunta wa kowa takarda ban da ni. Alhaji Bawa ya yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshi har takalminsa ya cinye, ba a ce masa e ba, ba a ce masa a'a ba. Aka ba wani rumfar, fenti da kwaɗo ake sayarwa a cikinta yanzu. Ranar da na ɗora gurup ɗin maigidana a amalanke na yi kuka, kuka sosai, ba na kunyar faɗa. Na kai shi zauren gidana a Kokoro, inda kuke samuna yau. Cinikin zaure bai kai na kasuwa ba, kuma 'ya'yana sun ji a tukunya.

Ɗan Inna Kande kuwa ya kira a ranar ya ji waya a kashe, ya yi mako yana zaton uwarsa ta rasu. Da ta ba ni labari na ce ta yafe min. Ta ce in daina zancen banza, wanda ya yi shekaru bai ga uwarsa ba ai mako ba zai kashe shi ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Mutanen da ke tsayawa a gaban teburinku suna yi muku ciniki kamar za su cire muku ido, sun fi ku sanin nauyin abin da suke barin muku. Kada ku yanke hukunci a kan wayarsu a bayan idonsu, ko na alheri ne. Ku je ku same su, ku gaya musu gaskiya duka, za ku sha mamakin waɗanda za su zauna tare da ku. Kuma kada wani ya ruɗe ku cewa irin wannan tsayuwa kyauta ce, wani zai biya, a wancan karon ni ce. Rumfata ta tafi kuma na san ba za ta dawo ba. In aka sake kawo akwatin gobe, zauren ma su zo su ɗauka.