Katin Inshora Yana Jakata, Idon 'Yata Yana Mutuwa

A lokacin ni malamar firamare ce, ba a daɗe da dawo da ni Jimeta daga garinmu na kudancin Adamawa ba. Ina haya a Nassarawo da 'yata tilo, mahaifinta ya rasu tun tana goye. Kowa ya shaide ni da taurin kai, kuma ba abin da nake taƙama da shi kamar katin inshorar lafiya na gwamnati. Tunda duk wata ana yankar albashina saboda shi, na rantse ba asibitin da zai ga kwabona.

Da ƙaiƙayin ido yarinyar ta fara. Ta murza, ta murza, har idanun suka yi ja kamar gauta. Asibitin ido na farko suka juya katin suka ce su ba sa cikin tsarin. Na biyu suka ce da suna karɓa, sun daina. Wani can cikin Yola suka ce suna karɓa, amma sai asibitin da na zaɓa ranar rajista ya duba ta ya turo mu. Shi kuwa wannan asibitin yana can garinmu, kuma ban taɓa sanin ana sauya shi idan mutum ya tashi ba. A ofishin inshora aka ce in nemi canji in jira. Na yi masifa har mai gadi ya leƙo, na fito da katina kamar yadda na shiga. Hedimasta kuma ya ce ba maganar tafiya garinmu ana tsakiyar zangon karatu.

A kan hanyar gida na tsaya kyamis, mai shagon ya ba ni wani maganin ɗigawa. Wallahi kamar yankan wuƙa, jan ya washe, ta yi barci. Duk sanda na daina sai ƙaiƙayin ya dawo, sai in ƙara sayowa. Haka muka yi ta yi wata da watanni, ina zaryar ofis ana ce mini sunana bai fito ba, ina dawowa ina ɗiga mata, ina ganin dabara nake yi.

Mai gidan da muke haya wata dattijuwar Bafulatana ce, Dada muke ce mata, kullum tana zaune a gefen ƙofa kan tabarma. Wata rana ta kira ni ta ce jikarta, wato 'yata, ta daina gaishe ta, sai ta shigo daga makaranta ta wuce kamar ba ta gan ta ba. Kunya ta kama ni. Na ja yarinyar ɗaki na zane ta, tana kuka tana rantsuwa ba ta ga Dada ba, ni kuwa ina ƙara mata don na ɗauka ƙarya take yi. Sai daga baya na lura tana bugun ƙyaure da kafaɗar hagu, kuma Dada a hagu take zama. Na rufe mata idon dama da tafin hannuna na ce ta kalle ni. Ta ce in kunna fitila, alhali rana tsaka ne.

A makon nan aka ce canjin ya fito. Da na kai ta asibitin ido, likita ya karɓi kwalbar maganin ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce wannan magani ba a daɗewa a kansa sai da sa idon likita, kuma maganin ne ya jawo mata hawan jinin ido. Na durƙusa ina roƙonsa ya cire idona ya sa mata. Ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama za su yi ƙoƙari. Ranar katin ya yi aiki tsaf, ba wanda ya juya shi.

Iyaye, don Allah ku duba asibitin da ke kan katinku tun kuna lafiya, in kun tashi daga gari ku sauya shi. Kada ku ɗiga wa yaro abin da likita bai rubuta ba, kuma in ido ne kada ku tsaya jayayyar hakki, ku kai shi ko da zanen jikinku za ku sayar. 'Yata tana karatu da ido ɗaya yanzu, ba ta taɓa tayar da zancen dukan nan ba. Abin da take roƙona kawai, in muna tafiya coci, in koma ta damanta don ta riƙa ganina.