Ramin Kunkurun Yaya

Kunkurun ya girme ni a gidan. Haka aka faɗa mini, kuma ba ni da dalilin musu. Mahaifinmu ne ya kawo shi daga wata tafiya da ya yi wajen Dori, yana ɗan ƙarami kamar murfin tulu, ya ba Yaya, babbar ɗiyarsa, wadda a lokacin take koyon tafiya. A shekarar da nake magana a kanta ya kai girman babbar ƙwarya, sai an sa hannu biyu ake ɗaga shi.

Gidanmu yana cikin Zangon Wagadugu, gidan fataken goro ne tun kakanni. Bayan rasuwar mahaifinmu, ƙanensa, wanda muke kira Baffa, shi ya riƙe gidan da ɗakin goron. Mu huɗu ne a ciki: Baffa, da Inna, da Yaya wadda ta dawo gida bayan mijinta ya rasu a hanyar kudu, sai ni auta. Ban daɗe da gama lakwal ba, wato makarantar Nasara, an ɗauke ni kwafar takardu a biro, wato ofishin kumandan, Baturen da ke mulkin gari.

Bayan kaka ne ciwon nan na tari da zazzaɓi ya shigo gari. Ba zan ce ga yawan waɗanda suka tafi ba, don ban sani ba. Na dai san cewa masu haƙar kabari sun daina mayar da kayan aikinsu ɗaki, a zaure suke jingine su. Yaya ta kwanta, kafin mako ya zagayo muka kai ta. Ina cikin masu ɗaukar makara. Abin da na fi tunawa shi ne wata tsakuwa da ta shiga takalmina, na yi ta taka ta har muka dawo, ban tsaya na cire ba.

Yaya 'yar fari ce, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke" take ce mata, in kuwa ba ta nan ta ce "waccan". Alkunyar ɗan fari ke nan, kowa ya san ta, kuma mutuwa ba ta ɗauke ta. Mata suka zo gaisuwa, maƙwabtanmu Mosawa suka kawo zomkom, ruwan garin geron da suke tarbar baƙo da shi. Aka ce wa Inna, "Ya haƙuri?" ta ce, "Da godiya." Ba ta yi kuka ba, ba a kuma sa ran ta yi. Da aka watse ta shiga ɗaki ta kwanta, fuskarta a bango.

Abu ɗaya ne yake fito da ita. Da hantsi takan ɗauki ganyen rama ko ɓawon kabewa ta je gindin tsamiya inda kunkurun yake ɗaure, ta zuba masa, ta zauna. Na lura cewa in na ajiye mata kunu a gefenta a wannan lokacin, tana sha ba tare da ta duba ba, muddin shi yana ci. In na kai mata ɗaki kuwa, haka zan dawo in tarar da shi ya yi sanyi. Abincinta na yini ke nan. Sai na riƙa jinkirta fita aiki har ta sha. Lissafina bai wuce wannan ba: in kunkuru ya ci, Inna ta ci.

Ya kamata in faɗi yadda aka yi ya zama a ɗaure. Da can yana da raminsa a gindin bangon ɗakin goro. Da daminar wannan shekarar Baffa ya ga bangon ya fara lotsawa, ya sa aka cike ramin, aka huda gefen ƙoƙon bayan kunkurun aka zura igiya. Yaya ta yi masa magana, ya ce a bari ruwa ya ɗauke a gani. Ruwa ya ɗauke, ba wanda ya sake tayar da zancen.

Sai sanyi ya sauka. Ina jin na wannan shekarar ya fi na kullum, ko da yake mai yiwuwa jikinmu ne ya yi rauni. Ruwan alwala yana cizon hannu. Kunkurun ya rage ci, sannan ya daina. Inna ta zuba ganye, ta jira, ta tashi ta bar kunun. Washegari ma haka. Daga nan ta daina fitowa.

Baffa ya same ni tsugune a gabansa.

"Ɗan lakwal, me Nasara suka koya muku a kan kunkuru?"

"Ba su koya mana ba, Baffa. An dai taɓa nuna mana zanensa."

"Madalla. Duk sammakon nan da aka yi, zanen kunkuru aka samo."

Ya tsuguna, ya sa yatsa ya taɓa wuyan dabbar.

"Bushewa ce," in ji shi. "Dubi yadda ya yamutse. Goro ma haka yake yi in iska ta buge shi."

Na ce, "Ina ganin kamar dama can haka wuyansa yake."

"Ka taɓa duba wuyansa kafin yau?"

Ban taɓa ba. Babu wanda ya taɓa a cikinmu. Kunkuru harkar Yaya ce. Na yi ƙoƙarin tuna inda yake zama a sanyin bara da na bara waccan, ban ga komai ba.

Baffa ya shiga ɗakin goro ya fito da ganyen fita, irin wanda ake naɗe huhu da shi, mafi kyau a cikin abin da yake da shi. Ya jiƙa ganyen, ya shimfiɗa, muka ɗora kunkurun, ya naɗe shi tsaf ya bar masa ƙofar numfashi, ya rufa jiƙaƙƙen tsumma a kai, ya ja shi cikin inuwa. Safe da yamma yana yi masa yayyafi da hannunsa. Ban taɓa ganin ya ba wani wannan ganyen kyauta ba. Shi ma ɗiyar ɗan'uwansa ya rasa, kuma wannan ita ce hanyar da ya sani ta hana abu lalacewa, da ita ubansa da kakansa suka tsallake da goro daga kurmi har nan bai bushe ba.

Kunkurun ya shige cikin ƙoƙonsa gaba ɗaya. In na zura yatsa na taɓa ƙafarsa, sai in ji ta kamar gindin randa. Wani lokaci tana motsi kaɗan, wani lokaci ban tabbata ba. Inna kuwa idanunta sun faɗa. Tana salla a zaune.

Na je wurin malamin unguwarmu, wanda na yi saukar Alƙur'ani a hannunsa kafin lakwal. Na tarar da shi ya dawo daga jana'iza, muryarsa ta dishe. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in tambaye shi ko akwai alhaki a kanmu in dabbar ta mutu a ɗaure.

Ya dube ni ya ce, "Tun asuba mutane nake sallata, kai kuma ka zo mini da kunkuru."

Na ba shi haƙuri, na fara neman takalmina.

"Zauna," in ji shi. "Na marigayiya ne, ko?"

Na ce nata ne.

"Wanda ya ɗaure dabba, cinta da shanta suna wuyansa. In kun kasa, ku sake ta. Iyakar abin da na sani ke nan. Yaya mahaifiyarka?"

Na ce da sauƙi, don haka ake cewa.

Ranar Lahadi babu aiki a biro, Baffa kuma ya tafi rakiyar gawa. Na yanke shawarar in kai kunkurun daji, can bayan gonakin Wemtenga, in ce wa Inna igiya ce ta tsinke. Na ga gara ta ɗauka ya gudu da ta gan shi a mace. Ban ce shawara ce mai kyau ba, ita ce dai ta zo mini. Na warware ganyen, na yanke igiyar na bar guntuwarta a jikinsa, na ja shi tsakar gida inda rana take, don in ga hanyar shigar da shi kwando. Kwandon da na samo ya yi ƙanƙanta. Na shiga neman wani, ban samu ba, na dawo na zauna a kan turmi. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Ba tunani nake yi ba, ina dai zaune.

Rana ta take sosai kafin kunkurun ya fito da kai. Ya daɗe haka, idonsa a lumshe. Sannan ya miƙa ƙafafu, ya ɗaga jikinsa, ya kama tafiya yana tsayawa. Ya wuce ganyen da ke zube, ya wuce ƙofar fita da na bari a buɗe, ya nufi bangon ɗakin goro, daidai wurin da aka cike, ya fara tonawa.

A nan Baffa ya shigo ya same mu.

"Wa ya kwance shi?"

"Ni ne, Baffa. Malam ya ce a sake shi. Wato, bai ce daidai haka ba, ya ce in mun kasa."

"Malam ne zai gina mini bango? Kayan mutane ne a ɗakin nan."

Ya sunkuya ya kama ƙoƙon da hannu biyu zai ja shi baya.

"Mai goro, bar shi."

Inna ce, tana tsaye ta dafa bakin ƙofarta. Tsakaninta da Baffa akwai wasan matar wa da ƙanen miji, amma tun rasuwar ba su yi ba.

Baffa ya ce, "Uwar gida, bangon fa zai zube."

"A sake kwaɓa ƙasa."

"In ya faɗo mini a ka, ke za ki yi mini takaba?"

"Na yi ta ɗan'uwanka, ga ni."

Ba wanda ya yi dariya. Baffa ya saki kunkurun, ya goge hannunsa a riga. Da la'asar muka kwashe huhunan goro muka kai zaure, yana mita, ni ina ɗauka.

Ƙasar cikon ba ta da tauri, kunkurun bai sha wuya ba. Kullum da rana sai ya ƙara nisa, har wata yamma na dawo na tarar da tulin ƙasa da baƙin rami, babu kunkuru. Na kafa zana ta gefen da iska take bugowa, na zuba busasshiyar harawa a bakin ramin. Ban san ko suna da amfani ba. Baffa ya so ya yi ɗan yayyafi a ciki, Inna ta dube shi, ya ajiye butar.

Sai wata fargabar ta kama ni. Yanzu shi ma yana ƙarƙashin ƙasa, ba a ganinsa, kuma ba ni da yadda zan san ko yana da rai. Inna tana fitowa da hantsi ta zauna a bakin ramin da ganyenta, ni kuma ba na iya jira har abada, sai in ajiye kunun in tafi. Da yamma nakan tarar da ƙoƙon kunun babu komai, amma akwai kaji a gidan. Kowace safiya kafin in fita nakan durƙusa in shinshina bakin ramin, in na ga babu mai kallo. Ƙasa kawai nake ji. Daga baya na riƙa gitta tsinke a bakin ramin. Wani lokaci in tarar ya goce. Ban faɗa wa kowa ba, don wannan ma kaza tana iya yi.

Wata safiya ina cikin gitta tsinken Inna ta ce daga bayana, "Auta, bar wahalar da kanka. Da tsakar rana yake leƙowa, kana wurin Nasaranka."

"Kin gan shi?"

"Yana fitowa ya sha rana, ya koma."

"Yana ci?"

"Kaɗan."

"Ke fa, Inna?"

"Kaɗan," in ji ta. "Ka ce wa mai tallar ganyen nan ta daina kawo wanda ya kwana."

Na ce to. Na tafi aiki, na kwafi abin da aka ba ni. Na zaci zan ji wani abu a raina a hanya, ban ji ba.

Ciwon ya lafa a gari kafin sanyi ya wuce. Bangon ya tsage kamar yadda Baffa ya faɗa, tun daga gindi har kusa da rufi. Da zafi ya fara, Baffa ya kira magini, wani baƙo da bai san gidanmu ba. Baffa ya nuna masa tsagar, ya ce a gyara, amma a kewaye ramin, a sa itace a samansa ya riƙe nauyi. Kunkurun yana gefe yana cin kabewa, guntuwar igiyar da ban cire ba tana lilo a bayansa.

Maginin ya dubi ramin, ya dubi kunkurun, ya ce, "Ni dai ban taɓa yi wa dabba ƙofa ba. Na wa ne, da ake lanƙwasa bango saboda shi?"

Baffa ya buɗe baki. Inna tana zaune a kan tabarma tana tsince rama, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Na 'yata ne."

Ban taɓa jin ta faɗi haka ba, Yaya tana da rai ko bayan ranta. Baffa ya juya ya shiga auna bango da taƙinsa. Ban ga hawaye ba, ko da yake ba na kusa sosai. Inna ta gama tsintar, ta ware wa kunkurun nasa, ta ɗauki sauran ta shiga madafa. Jim kaɗan ta leƙo ta ce in samo mata wuta a maƙwabta, murhun ya daɗe a mace. Na ɗauki kasko na fita.