Sunan Baffa a Fuskar Waya

Ana sallame sallar asuba muka ɗauki hanya daga Kano, ni da Baba da wani abokina mai tuƙi. Kafin in ba ku labarin hanya, bari in faɗi abin da ya fito da tsoho mai ciwon ƙafa daga ɗakinsa.

Kwanakin baya na sayi bandar kifi a kasuwa. Mai kifin ya ce in tura kuɗin kai tsaye ga mai kayan, wani mutumin Nguru. Ina shigar da lambar a manhajar waya sai suna ya fito: Ila, haɗe da sunan kakanmu. Ila ƙanin Baba ne. Tun ban yi wayo ba suka yi faɗa kan gonar gado, Baba ya ce masa, "Fita, kada in sake ganinka." Shi kuwa ya bi umarnin yayansa fiye da shekara talatin. Lambar asusun ita ce lambar wayarsa, na ce mu kira. Baba ya ƙi. Ya ce ba a neman gafarar ɗan'uwa ta waya, kuma yana tsoron idan Ila ya ji muryarsa ya sake ɓacewa.

Daga Haɗeja zuwa gaba ruwa ya kwanta hagu da dama, shinkafa ta yi kore shar, ciyawar kacala ta cinye bakin fadamu. Ramukan hanya suka hana abokina surutu, abin da matarsa ta kasa. Baba kuwa carbinsa kawai yake ja.

Mun shiga Nguru da hantsi. Da muka tsaya shan mai, katin bankina ya nuna halinsa. Na'ura ta yi dogon tunani ta ce ba a biya ba, banki kuma ya aiko saƙo cewa an cire. Mai sayar da man ya ce in yi haƙuri, kuɗin kati sai sun bi ta hannun dillalai da yawa, in sun maƙale a tsakani sai an jira kwanaki. Na tura masa ta waya, kafin in mayar da ita aljihu tasa ta yi ƙara. Baba, wanda ke kiran wannan harka kuɗin iska, ya kalle ni ya kau da kai.

Kasuwar kifi ba ta buƙatar kwatance, hanci ke kai mutum. Kwalaye jibge, tarwaɗa da karfasa, Hausa da Barbarci suna cakuɗe a bakin mutane. Kifi ya fi na Kano araha nesa ba kusa ba, amma ban iya taya ko ɗaya ba. Na nuna wa wani dattijo sunan a waya.

"Wushe, sannunku da hanya," in ji shi. "Malam Ila ai namu ne. Amma ciwon ƙoda ya kwantar da shi, yana Gashuwa wajen 'yarsa. In za ku je, kada ku tsaya cin abinci."

Nan take muka koma mota. Kilishin da abokina ya saya haka ya yini a leda.

Tsakanin Nguru da Gashuwa motoci ɗauke da buhunan tattasai suna ta wuce mu, amma ban riƙe komai na hanyar ba, tsoro ya cika ni. Gidan 'yar Baffa Ila yana bayan gari, ruwa ya raba shi da titi, sai da kwalekwale. Ba na'urar kati a bakin ruwa, ba kuma ko sisi a aljihunmu. Mai fito ya nuna mini gefen jirginsa, inda ya rubuta lambarsa da farin fenti. Na tura, ya ji ƙara, muka ciccibi Baba muka saka.

Wata mata mai goyo ta fito da muka yi sallama. Ta dubi Baba, ta daɗe tana dubansa, sai ta durƙusa.

"Baba, kai ne yayan? Wallahi fuskarku ɗaya."

Baffa Ila yana kwance a tabarma, ƙafafunsa sun kumbura, jikinsa ya zube. Baba ya yar da sanda ya zauna a ƙasa, abin da ya shekara bai yi ba.  Baffa ne ya riga shi magana.

"Yaya, ka ce kada ka sake ganina."

"Na janye, Ila. Ka yafe mini."

"Tuni. Kunyar dawowa ce kawai ta riƙe ni."

Na fita waje na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Da na dawo na tarar suna gardama kan wanda ya fi tsufa a fuska. 'Yarsa ta kawo shinkafar garin da miyar kifi, Baba ya riƙa ba ƙaninsa a baki.

Mun kwana biyu muka juyo gida. Kullum da safe Baba yakan ce in tura wa Baffa na magani, ya kuma ce in miƙo wayar ya ga sunan da idonsa kafin in danna. Ba a rufa mako biyu ba 'yarsa ta kira, Allah ya yi wa Baffa rasuwa. Allah ya jiƙansa.

Na koyi cewa waya ta fi kati sauri, ta fi shi isa lungu, wannan duk wanda ya tsaya a bakin ruwa ya sani. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne, kati bai taɓa gaya mini hannun wa kuɗina ke shiga ba. Da da kati na biya kifin nan, da Baffa ya tafi da kalmar "fita" a kunnensa. Sunansa yana nan a jerin mutanen da nake tura wa, na kasa gogewa. Jiya ma bayan la'asar Baba ya ce, "Buɗo mini Ila in gani."