Sunan da Na Rubuta a Madadin Wasu

Wata Asabar ce a farkon sanyi, ina da shekara goma sha ɗaya, ganyen itatuwan Hyattsville, can Amurka, duk ya yi ja yana zuba a kan motoci. Mama ta zuba gwaten acca a kwano mai murfi, ta ce in kai wa Baba Mendel, tsohon da ke hawa na ƙasa a benenmu. Na sauka matakala ina taku ɗai-ɗai, kwano a hannu, ɗamarar makaranta mai ƙyalli a ƙirjina, alhali ranar babu makaranta. So nake ya gani.

Shekararmu biyu ke nan da barin Pankshin. Mama ma'aikaciyar jinya ce, tana sammakon kama jirgin ƙasa, babana kuma yana haɗa karatu da aiki. Ni ce babba, saboda haka wanke-wanke nawa ne, da jan kwandon wanki zuwa ɗakin injunan wanki a can ƙasa, da ban ruwan tukwanen yakuwa da tattasai da Mama ta jera a baranda. In na gama, sai in ruga filin ajiye motoci, inda muke zana 'yar gala-gala da alli, mu yi tsallen igiya da yaran Habasha har a kira mu. A makaranta kuwa ni ce yarinyar da ake kwaikwayon maganarta ana dariya. Don haka ranar da malama ta ɗaura mini ɗamara, ta ce ni zan kula da layin motar makaranta a unguwarmu, in rubuta sunan duk mai rigima, ji na yi kamar an mallaka mini garin. Ƙa'idar ita ce, wanda sunansa ya fito sau uku an hana shi shiga mota har mako biyu.

Ba a daɗe ba masu yi mini dariya suka koma miƙo mini alewa da cingam. Wasu manyan yara biyu sun saba jifan gilashin mota da tsakuwa, direba ya yi ta kai ƙara, malama kuma ta matsa mini in kawo suna. Tsoronsu nake ji, ga alewarsu a aljihuna. Sai na rubuta Habu, ɗan shekara takwas da iyayensa suka zo daga Maraɗi. Ba ya jin Turanci, ni kaɗai yake iya yi wa magana, kullum yana riƙe da igiyar jakata yana ce mini Yaya Rahila. Na san ba zai iya kare kansa ba, shi ya sa na zaɓe shi. Sau uku na rubuta. Ranar Juma'a, jajibirin wannan Asabar, aka ba shi takardar kora, ya kawo mini in karanta masa, na ce ya kai wa babansa kawai.

Baba Mendel Bayahude ne, tsohon tela daga ƙasar Polan, matarsa ta rasu tuntuni. Mama kan duba masa hawan jini, tana rusunawa in za ta gaishe shi kamar surukinta. Da ya tambaye ni labarin ɗamarar, na shiga cika baki cewa yanzu kowa tsorona yake ji, har alewa ake ba ni don kada in rubuta suna. Ya ajiye cokali a hankali ya ce, “In ba ki rubuta masu alewa ba, to wa kike rubutawa?”

Ranar ce ya ba ni labarin yayansa. Ya ce lokacin yaƙin duniya na biyu, yana kamar sa'ana, sojojin Jamus suka kewaye wata unguwa da katanga da waya, suka cusa dukan Yahudawan garinsu a ciki, gida ɗaya iyali biyar, ga yunwa ga cuta. Sai suka zaɓi 'yan sanda daga cikin mutanen da suka kulle, suka ba su hula da kulki. Yayansa ya karɓi aikin don ana ƙara wa 'yan sandan burodi, kuma uwarsu ba ta da lafiya. Da fari yana kawar da kai in yara sun shigo da dankali ta ramin katanga. Daga baya ya fara karɓar rabonsa, daga nan ya fara dukan wanda bai bayar ba. Da Jamusawa suka ce a kawo mutanen da za a loda a jirgin ƙasa zuwa sansanin kisa, kowane ɗan sanda da adadin da zai cika, mai zobe ko agogo sai ya fanshi ɗansa, a cike gurbin da ɗan wanda ba shi da kowa. Yayansa ya cike wani gurbi da ɗan maƙwabciyarsu, yaron da suke wasan ƙwallon tsumma tare. “Ba mu muka gina katangar ba, kada ki manta da wannan,” in ji shi. “Amma burodin da ya kawo ranar, ni ma na ci.” A ƙarshe aka karɓe hular, aka tura yayan nasa cikin jirgin kamar kowa, bai dawo ba.

Ban san yadda na hau bene ba. Na tarar da Mama tana yanka alayyahu, na faɗa mata komai ina kuka. Ba ta dake ni ba, abin da ya fi duka ciwo. Ta dai ce, “Rahila, ɗan mutane? Yaron da ke ce miki Yaya?” Washegari muna tasowa daga coci ta kama hannuna har gidan su Habu. Malam Idi, baban Habu, direban tasi ne mai fita tun kafin gari ya waye, matarsa ba ta tuƙi, kwana biyu ke nan yana tunanin yadda zai ajiye aikin safe don kai yaro makaranta. Ya riga ya yi wa Habu faɗa, yaron yana ta rantsuwa bai jefi komai ba. Na durƙusa na faɗi abin da na yi. Ya ce, “Tashi, 'yata. Tunda kin zo da ƙafarki, magana ta wuce.” Ya jawo Habu ya shafa kansa ya ba shi haƙuri a gabanmu, matarsa kuwa ta dama mana fura.

Ranar Litinin Mama ta nemi uzuri a wurin aiki ta raka ni ofishin makaranta. Aka soke takardar, aka kira iyayen yaran nan biyu, aka karɓe ɗamarar. Na zaci zan ji kunya, sai na ji ƙirjina sakayau kamar an sauke mini tulu. Yaran sun yi mako guda suna bangaje ni, suka gaji suka bari. Da na gaya wa Baba Mendel, ya lumshe ido ya ce, “Madalla. Ke kin samu ranar gyara.”

Ya rasu ina sakandare, ni da Mama muka tsaya daga baya a wurin jana'izarsa. Yau ina zaune a Beltsville da 'ya'yana uku, masu jin Hausa su amsa da Turanci. Habu ya zama magidanci, mukan haɗu a wurin suna ko biki, har yanzu Yaya yake ce mini. Unguwarmu tsit take, kowa daga mota sai cikin gida, ban ma san sunan tsohuwar da ke daura da mu ba. Yarana sun karanta wancan yaƙin a aji sun ci jarrabawa, amma babu wanda ya taɓa kallon idonsu ya ce shi ma ya ci burodin. Nakan yi kewar wancan benen mai ƙamshin girki iri-iri. Na gode Allah da aka tare ni tun laifina bai fi ƙarfin gyara ba.