Makullin da Aka Goga Daga Cokali

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan jiya, da hantsi, sojoji biyu suka tsaya a ƙofar shagona na yankan makulli. Ba su zo da kwaɗo ba, ba su tambayi farashi ba. Tun kafin su buɗe baki gabana ya faɗi. Ka rasu a fagen daga, Soja, mijin 'yata, uban jikata. A can aka yi maka sutura, mu jakarka kawai aka kawo mana.

Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba: ban taɓa sakin jiki da kai ba. Wanda ya tsufa yana yanka makulli ya san ba duk mai cewa ya ɓatar da nasa ne mai gidan ba. Ranar da ka zo neman aure, hafsanku ne ya tsaya maka. Na tambayi danginka, ka ce, "Baba, sun rasu." Na ce duka? Ka ce duka. Na ce a raina, ai ko annoba takan bar mai ba da labari. Na ba ka 'yata don ta nace, amma idona bai bar kanka ba.

Shekaru na yi ina jiran ranar da halinka zai fito, ka hana ni. Da surukarka ta kwanta asibiti, a bencin ƙofar ɗakinta ka ƙarar da hutunka. Rufin shagona da ke yoyo, kai ka hau ka gyara, ka sauko kana tsokanata wai mai kulle gidajen mutane ya kasa kulle wa ruwa ƙofa. Ba ka iya kai loma baki in yaro yana kallonka, ko ɗan waye. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kwaɗon sito. Mafi kyau a shagona na zaɓa na sa muku a ɗakin ajiyar abinci, washegari ka cire shi ka dawo mini da shi hannu biyu. "Baba, a yi haƙuri, ba a kulle abinci a gidana." Na ce lallai yaron nan bai san duniya ba, ko kuwa ya san ta fiye da yadda yake nunawa.

Ana cikin zaman makoki wani dogon mutum ya shigo, kukansa ya fi na kowa. Ya ce shi wanka ne, ciki ɗaya, kuma in ƙura ta lafa zai tafi da yarinyar ta tashi cikin dangin ubanta. 'Yata ta ƙanƙame 'yarta, don ita kaɗai ta rage mata. Ni kuwa na ƙare masa kallo. Wan da bai zo aure ba, bai zo haihuwa ba, sai mutuwa ce ta nuna masa hanya? Ruwa ba ya tsami banza. Na tambaye shi garinku da unguwarku. Ya yi 'yar in'ina, sannan ya faɗa.

A cikin jakarka akwai wani ɗan makulli a jikin igiya, gumi ya mai da shi baƙi. 'Yata ta ce ko wanka ba ka cire shi. Ina juya shi na ga ba na kamfani ba ne. Ƙotar cokali ce aka goga da magagari, haƙoran a karkace, aikin ɗan koyo. Zuciyata ba ta raya mini alheri ba. Na ce akwai akwati a wani wuri, ko wani ɗaki, ko wata mace. Ban gaya wa kowa ba, na rufe shago na nufi tasha.

A unguwar da dogon ya kwatanta babu gidan danginku. Wani tsohon gini na tarar, yanzu katako ake ajiyewa a ciki. Wani wanzami da shagonsa ke kallon ginin ya ce da gidan marayu ne, ya nuna mini gidan tsohuwar da ta yi musu girki. Na same ta a kan kujera, ido ya fara gazawa. Na sa mata makullin a tafin hannu. Ta shafa shi, ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

"Cokalina ne wannan, Malam. Ina ɓarawon nawa?"

Na ce, "Iya, ya riga mu."

Ita ta ba ni tarihinka, kuma ba shi da tsawo. A bakin ƙofa aka tsince ka cikin tawul, ba wanda ya taɓa zuwa nemanka. Shugaban gidan mutum ne mai matse hannu, yakan kulle sito ƙananan yara na kukan yunwa. Kai da wani dogon yaro kuka sace cokulanta biyu, kuka goga, kuka riƙa buɗe sito kuna ciyar da ƙananan. Ta gani, ta kau da kai. Da aka kama ku, kai ka ɗauki dukan, ka ƙi faɗin sunan kowa.

Da na dawo na kira dogon shago, na ajiye makullin a kan tebur. Ya sa hannu a wuyan rigarsa ya fiddo ɗan uwan makullin. Na haɗa su, haƙori ya hau kan haƙori.

Ya ce, "Baba, da na ce a gidan marayu muka tashi, wa zai ba ni wurin zama? Shi ya hana ni zuwa aurensa, yana tsoron ku fasa. Amma mun yi alkawari ɗan ɗayanmu ba zai tashi babu baffa ba."

Na ce masa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma yarinya ba inda za ta, tana hannun uwarta. In baffa yake son zama, ga ƙofa nan, ya zo da rana, ya yi sallama. Yana zuwa, har keke ya koya mata. Har yanzu ina lura da shi, don hali zanen dutse ne, ba zan sake a waɗannan shekarun ba.

Soja, na je neman asalinka da mugun zato, na dawo da cokali. Na ji ciwon rashinka fiye da yadda na zata, kuma ina jin haushinka da ka bar ni na sha labarinka a bakin wasu. Jiya jikata ta tambaye ni ko babanta yana da dangi. Na rataya mata makullin, na ce yana da su, duk yaron da ya taɓa ƙoshi ta hannunsa. Sitona kuwa, tun ranar da na dawo na cire masa kwaɗo.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka da 'yarka, da abokan aikinka, da danginka da na samo, ga su nan duka: tsohuwa mai girki da dogon baffa. Allah ya ba mu haƙuri, ya raya abin da ka bari. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarin da ba mu san inda yake ba. Kai da ka buɗe wa mayunwata ƙofa, Allah ya sa ka tarar da ta Aljanna a buɗe. Amin.